Inda Baba Yake Tsallakawa

Babanmu turare yake sayarwa a Kasuwar Sabon Gari. Kakanninmu daga Barno suka zo suka zauna a Fagge tun kafin a haife shi. Barbarcin ya daɗe da gudu daga bakinmu, sai gaisuwa da ɗan zagi, amma turaren bai bar gidan ba. Kowace safiya idan ya karya, sai ya sa hularsa ya bi lungu ya fito titi ta wajen mahaɗar Bata, ya tsallaka. Yana da irin tasa tsallakawar. Zai ɗaga hannun dama sama, ya kutsa cikin motoci yana cewa, "A yi haƙuri, a yi haƙuri," sai ka ce direbobin suna jinsa. Ina yarinya idan ya riƙe hannuna muka shiga, rufe ido nake yi har sai na ji mun kai wancan gefen. Yakan yi min dariya ya ce, "Ke da bakinki kamar reza, ashe mota kike tsoro?"

Wurin babu fitilar ba da hannu, babu tudun rage gudu, babu farin zanen nan da ake yi wa masu tafiya a ƙasa. Bas na sauke fasinja a tsakiyar titi, adaidaita na kurɗawa ta ko'ina, 'yan tebur da masu baro sun cinye gefen hanya. Ba ka ganin abin da ke tahowa sai ka zura kanka. Kuma duk mutumin unguwarmu da ke neman abinci a Sabon Gari ta nan yake bi, safe da yamma.

A nan bas ta buge Baba wata safiya. Lokacin na yi aure, ina koyarwa a firamare, amma ranar ina gida wajen Inna. Wadda ta kawo labarin maƙwabciyarsa ce a kasuwa, wata mata 'yar ƙabilar Ibo mai sayar da kwanuka da tangaran, kowa Madam yake ce mata. A Sabon Gari aka haife ta, tana jin Hausa kamar jakin Kano. Shekara da shekaru rumfunansu na jingine da juna, idan ya tafi salla ita ke duba masa kaya. Tana bayansa kaɗan sa'ad da abin ya faru, ita ta tallafi kansa a kan kwalta. Ta shigo mana da jini a zaninta, sai nuna ƙofa take yi.

Kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Haka ake yi, kuma na san haka zai so a yi masa. Amma kafin a ba mu gawar sai da Baffa, ƙanin Baba, ya je wajen 'yan sanda. Aka ce masa idan za a bi kadin magana, to gawa za ta kwana a asibiti, likita ya duba, a kai direba kotu. Idan kuwa iyali sun yafe, su ɗauki mamacinsu su tafi. Baffa ya dawo ya tsaya daga bakin ƙofar ɗakin Inna ya faɗa mata. Ina zaune a gefenta.

Inna ta ce, "Malam ya kwana a cikin sanyin asibiti? A'a. Ku je ku ce na yafe. Kwanansa ne ya ƙare."

Na buɗe baki zan yi magana, wata gwaggonmu ta danne min gwiwa. Mata suka ɗauki salati, ana sa wa Inna albarka. Ni ban yafe ba, kuma babu wanda ya tambaye ni.

Da yamma Madam ta dawo da wasu 'yan kasuwa, ta sauya zani, tana tambayar yaushe za a yi jana'iza don su rufe rumfa su zo. Aka ce ai an yi. Ta ce direban fa? Aka ce ya tafi gida. Ta zauna a kan turmi ta daɗe tana kallona, sannan ta ce a wajensu ko wata guda gawa za ta yi sai an san wa ya yi, kuma yaya aka yi. Ba da raini ta faɗa ba, kuka take yi.

Ranar sadakar uku direban ya zo, tare da ubangidansa da limamin unguwarsu. Na ɗauka zan ga wani ɗan iskan yaro mai jan ido. Sai na ga magidanci, siriri, gemunsa ya fara furfura. Ya durƙusa a soro, Inna na daga ciki a bayan ƙofa. Da bakinsa ya ce sauri yake yi ya riga motar bayansa ɗaukar fasinja, adaidaita ta kare shi, bai ga Baba ba sai da ya ji ƙara. Inna ta ce, "Tashi, ɗan nan. Allah ya kiyaye gaba." Tun daga ranar yakan zo gaishe ta, da salla ko da azumi, ta sa a kai masa ruwa. Ni idan na zo na tarar da takalmansa a ƙofar soro, juyawa nake yi in koma gidana.

Ƙanena ne ya gaji rumfar. Da matarsa da 'ya'yansa a gidanmu suke zaune tare da Inna. Ta wurin nan yake tsallakawa kullum, har ɗaga hannun Baba ya gada. Ita kuwa Inna dama can ba mai fita ba ce, Baba ne ke yi mata cefane da sayayya. Bayan ta fita takaba sai ta haramta wa kanta wajen Bata gaba ɗaya. Idan za ta biki ko gaisuwar mutuwa, sai ta ce wa mai adaidaita ya zagaya, komai nisan hanya.

Bayan wasu shekaru na ji a rediyo cewa majalisar dokokin jiha ta kafa kwamiti da zai duba dokokin hanya. Zai zagaya ya ga wuraren da ake yawan haɗari, ya saurari jama'a, sannan ya ba da shawarar abin da za a gyara. Na ja tsaki na ci gaba da wanke-wankena. Kwamiti a ƙasar nan ai kamar gafara sa ne, a yi ta ji ba a ga ƙaho ba. Madam ce ba ta ja tsaki ba. Ta kira ni a waya ta ce, "Malama, kin ji? Wannan karon sai sun san da wurin babanki."

Ranar da 'yan kwamitin suka zo duba wajenmu, tun da sassafe aka tashi 'yan tebur, aka hana bas tsayawa, masu ba da hannu suka jeru a titi. Ban ce mugunta ba ce. Mu haka muke, idan za a yi baƙo sai a share tsakar gida. Suka sauko daga motocinsu suka ga titi fes, mutane na tsallakawa a natse, suka gyaɗa kai suka wuce. Kafin azahar komai ya koma yadda yake.

Madam ba ta haƙura ba. Ta bi shugabannin layinsu na kasuwa har wajen sakataren kwamitin. Ta ce mutumin ya saurare su sosai, kuma bai yi musu rufa-rufa ba. Ya ce wuraren da ke neman gyara suna da yawa, za a fara ne da inda aka tabbatar ana mutuwa. Wurin nan namu kuwa kotu ba ta san da shi ba, hukuma ba ta da shi a rubuce, su ma da suka zo ba su ga komai ba. Amma akwai zaman sauraron jama'a. Idan da gaske mutane na mutuwa a wurin, a kawo iyalansu su faɗa da bakinsu.

Na ce wa Madam wannan ai mai sauƙi ne. A Fagge aka haife ni, na san gidajen da aka shiga da gawa daga titin nan. Muka fara bi gida-gida idan na tashi daga makaranta, ita kuma ta bar wa 'yarta rumfa. Muka je gidan da aka take musu tsohuwa tana dawowa daga asibiti. Muka je wajen matar wani mai shayi. Muka je gidan da 'yarsu budurwa ta fita sayen zare ba ta dawo ba. Ko'ina aka yi mana shimfiɗa, aka kawo ruwa, aka yi mana godiya, kuma ko'ina amsar ɗaya ce. Mun yafe. An wuce wurin. Kada a tayar mana da mikin da ya warke.

Wanda ya fi ba ni haushi wani tela ne da ƙafarsa ɗaya ta tafi a wurin. Shi a raye yake, ga sandarsa jingine da keken ɗinki, ba sai an nemi shaida ba. Ya ce, "Malama, ni na riga na yafe wa mutumin nan, har ɗaurin auren 'yarsa na je. Yanzu in je gaban manya in ce me?"

Na ce, "Malam, babu mai neman mutumin. Maganar titi ake yi."

Ya ce, "To titi me ya yi? Titi ai a kwance yake."

Da ba don Madam ta ja min mayafi ba, da na faɗa masa maganar da za a kai ƙarata wajen mijina. Muka fito muka tsaya a bakin layi, rana na dukanmu. Duk wanda muka sani mun je masa, saura mutum ɗaya, kuma dukkanmu mun san ko wace ce.

Na sami Inna tana tsince shinkafa a faifai. Na zauna na bi a hankali, na faɗa mata komai. Ba ta ɗago ba har na gama. Inna ba ta kiran sunana, ni ce 'yar fari. Ta ce, "Ke, abin da na ba Allah ba na komawa in ce ya ba ni kayana."

"Inna, ba cewa aka yi ki janye yafiya ba. Yadda aka yi kawai za ki faɗa."

"Faɗin yadda aka yi ai shi ne ƙara. Ladan yafiyar nan ubanku na bai wa, yana can yana amfana da shi. So kike in je gaban maza in lashe amaina?"

Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Ɗanki fa? Kullum ta nan yake bi. Sai an shigo miki da shi a tabarma sannan ki sake cewa kin yafe?"

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Matar ƙanena da ke bakin murhu ta tashi sum-sum ta shige ɗaki. Inna ta ce, "Tashi ki tafi gidanki." Na tashi na tafi. Magana ce mai nauyi, na sani, amma har yau ban janye ta ba.

Muka yi kwanaki ba ta neme ni ba, ban neme ta ba. Ana gab da ranar zaman sai ta aiko a kira ni. Ta ce za ta je, amma da sharaɗi, ba za ta kama sunan mutumin ba. Na ce babu ma mai tambayarta suna. Na zauna na tsara mata abin da za ta faɗa: ga inda abin ya faru, mota ce tana tseren fasinja, babu wurin tsallakawa, muna roƙon a yi tudu a sa fitila. Tana maimaitawa ina gyara mata, har ta gaji ta ce, "Ni kike biya wa karatu kamar 'yan ajinki?" Muka yi dariya. Na daɗe ban ga haƙoranta a waje ba, kuma ranar na koma gida da farin ciki.

Babban zaure ne, fankoki na juyawa, 'yan kwamitin na zaune a dogon tebur. Jama'a rukuni-rukuni: likitoci, masu kula da hanya, 'yan kasuwa, 'yan ƙungiyar direbobi a gefe guda. Aka yi ta jawabi, rabi Turanci rabi Hausa, Inna na gyangyaɗi tana farkawa. Da aka zo kan wurinmu Madam ce ta fara. Ta yi magana mai kyau, ta faɗi yadda ta tallafi kan Baba, ta faɗi yadda bas ke tsere. Shugaban kwamitin, wani dattijo mai sanyin murya, ya tambaye ta ko ita 'yar uwar mamacin ce. Ta ce maƙwabciyarsa ce. Ya yi mata godiya, ya ce to bari a ji daga iyalinsa.

Na riƙe hannun Inna muka fita gaba. Hannun ya yi sanyi, amma tafiyarta daidai take, har leɓenta na motsi tana biya abin da na koya mata. Muna isa gaban lasifika ta juya ta dubi ɓangaren direbobi. Ni ma na duba. Yana nan zaune a cikinsu, mutumin da ya buge Baba. Ƙungiyarsu ya biyo, ban yi zaton ya san za mu zo ba. Yana ganinmu ya sunkuyar da kai har haɓarsa na taɓa ƙirji. Na ji hannun Inna ya saki a cikin nawa.

Shugaban ya ce, "Hajiya, Allah ya ji ƙan maigida. Ki faɗa mana yadda abin ya faru, kuma a ganinki laifin wane ne."

Inna ta ce, "Ranka ya daɗe, babu laifin kowa. Ya fita da safe, kwanansa ya ƙare a hanya. Ni na yafe tun a ranar, kuma ina kan bakana."

Zauren ya ɗauki kabbara. Shugaban ya cire tabarau ya goge ido, ya ce da kowa zai yi zuciya irin ta baiwar Allahn nan da ƙasa ta zauna lafiya. Ya ce a yi wa mamacin addu'a. Kowa ya ɗaga hannu, Madam ma ta sunkuyar da kai. Ni ina raɗa mata, "Inna, tudun. Inna, fitilar." Ta zare hannunta ta juya. Na matsa zan yi magana da kaina, mai tsara zaman ya ce in yi haƙuri, mutum ɗaya ake ji daga kowane gida, kuma akwai sauran jama'a a layi.

Ban ga laifin shugaban ba. Ya yi tambaya, an ba shi amsa. Wannan ne ma ya fi ci min rai, don da ina da wanda zan zaga da na sami sauƙi.

A bakin ƙofa direban ya biyo mu, ya durƙusa a gaban Inna, mutane na wucewa suna kallo. Ta tambaye shi ya iyali. Madam ta ja ni gefe, idonta ya yi ja, ta ce, "Malama, ku mutanen kirki ne, wallahi. Amma kirkin nan naku zai ƙarar da ku." Muka hau adaidaita. Sai da muka kusa gida Inna ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Yana da 'ya'ya fa. A gaban 'yan uwansa zan tozarta shi?" Na ce ni ban ce komai ba.

Daga baya na ji a rediyo kwamitin ya miƙa rahotonsa. An yi aiki a wasu wuraren, na gani da idona, an yi tudu an sa fitila, Allah ya amfana. Namu wurin yana nan yadda Baba ya bar shi.

Tun bayan zaman nan Inna ta tsiro da wata al'ada. Ta ce wa ƙanena duk safiya idan ya isa rumfa ya kira ta. Yana fita za ta zauna a tabarma da waya a cinya, kokonta na gefe yana hucewa, ba za ta kai baki ba sai ta ji muryarsa. Shi abin dariya yake ba shi, yakan ce, "Inna, na tsallaka Bahar Maliya, a sha koko." Ni ba ya ba ni dariya.

Wata Asabar na je gidan da hantsi, na tarar da matar ƙanena a soro hankalinta a tashe. Ta ce mijinta bai kira ba, an kira shi waya a kashe. Ta shiga wanka, ta fito ba ta ga Inna ba. Ga kokon nan a rufe. Na kira Madam, ta ce ai ga shi can a rumfa yana auna turare, wayarsa ce ba caji, ba a kawo wuta ba jiya. Na ce alhamdu lillahi, na bi lungun da Baba yake bi.

A bakin titin na sami Inna, daidai inda ake tsallakawa. Silifas ɗinta wari da wari, mayafin ma na matar ƙanena ne. Masu baro na ture ta tana matsawa. Na dafa ta na ce, "Inna, lafiyarsa ƙalau, yana rumfa. Madam na ganinsa yanzu haka."

Ta ce, "To." Amma ba ta motsa ba. Wata mata take kallo, da goyo a baya da kwano a ka, ta maƙale a tsakiyar titi. Bas ta wuce ta bayanta har iskar ta ɗaga mata zani, adaidaita ta gifta ta gabanta. Matar ta yi gaba ta dawo, ta sake yin gaba.

Inna ta ce, "Ashe haka wurin yake."

Na ce, "Haka yake, Inna."

"Kullum?"

"Kullum."

Ta sake duban titin. Can ta ce, "Mutanen nan na majalisa, sun gama zaman nasu?"

"Sun gama, Inna. Tuni."

Ta gyaɗa kai. Na kama hannunta na ce mu tafi gida, rana ta yi. Ta ce in bari tukuna matar nan ta tsallaka. Muka tsaya har matar ta kai wancan gefen. Na sake jan hannunta, sai ga wani tsoho ya fito daga bayanmu, ya ɗaga hannu sama ya shiga cikin motocin.

Inna ta ce, "Bari shi ma ya tsallaka."